Amsa: Catalina 27 ta 1978 a kan arha, in saya in gyara da kaina?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce a Amurka ka samu jirgin ruwan, irin mai tafiya da iska, fenti ya koɗe, kana tambaya ko wanki da fenti za su wadatar. Gaskiya fenti shi ne na ƙarshe. Gangar jikin faiba ba ta ruɓewa, amma katakon da aka ɓoye a cikinta yana ruɓewa, kuma nan kuɗin yake tafiya.

Fara da daben sama, inda ake takawa. Faiba ce hawa biyu da katako a tsakani, balsa ko filawud. Duk inda aka huda aka ɗaura ƙarfe, ruwa na iya bin noti ya shiga. Ɗauki hamar roba ka bi kana ƙwanƙwasawa, musamman gindin jigo, wato doguwar sandar da ke tsaye a tsakiyar jirgin, da wurin da wayoyin da ke riƙe jigon suka kama jiki. Wuri mai lafiya yana amsawa ƙwal, ruɓaɓɓe kuwa dum. Ka zagaye shi da alli. In ya kai rabin daben, ka bar wa mai shi kayansa ko da kyauta ne.

In wurin kaɗan ne, yanka fatar sama kawai, ka ɗaga ta, ka kankare jiƙaƙƙen katako har ka tarar da busasshe. Bari ya bushe sarai, ka sa sabo mai kauri ɗaya da gam ɗin ifoksi da aka kaurara. Kuskuren da aka fi yi a bakin yankan ne: sai an zaftare shi da giranda, faɗinsa ya ninka kaurin faibar sau 12. Faiba mai kaurin milimita 4 tana son zaftara ta kusan santimita 5, in ba haka ba facin zai tsage a kan layin. Kafin ka mayar da ƙarafa, faɗaɗa kowane rami, cika shi da ifoksi, ya daskare, sannan ka sake huda daidai girman noti. Ruwa ko ya shiga ba zai sake taɓa katako ba.

Ifoksi ba a yi masa awon ido. West System 105 (ruwan gam) da 205 (maganin daskarewa) awo 5 ne da 1, kuma ƙara maganin daskarewa ba ya sa shi sauri, lalata shi yake yi. Kada ka dama da yawa a kofi ɗaya, zai yi zafi har ya yi hayaƙi. Bayan ya bushe yakan fitar da wani maiƙo, a wanke da ruwa zalla kafin samfefa mai lamba 80.

Ƙurajen da ke ƙasan jirgi suna tsorata mutane fiye da kima. Sa tabarau kafin ka fasa su, ruwan ciki mai tsami ne kuma yana fesowa. Goge, wanke da ruwa akai-akai, ka bar jikin ya sha iska na watanni. Wanda ya shafa fentin kariya a kan danshi ya rufe ciwo ne da ƙyalle.

Abubuwa biyu ba sa jira. Tsagar da ke gaban mahaɗar jiki da nauyin dalma na ƙasa sananniya ce a wannan ƙira, don haka buɗe ramin ruwa na ciki ka duba notunan da katakon da ke ƙarƙashinsu. Sai bawul ɗin da ke ratsa jiki: in irin na famfon gida ne mai murɗawa, canza shi da na tagulla da aka yi don teku. Wayoyin jigo kuwa, in sun haura shekara 15 a canza su ko suna ƙyalli, domin daga cikin ƙarfen da aka matse a bakin wayar suke cinyewa.

In injin fetur Atomic 4 ne a ciki, sabunta tiyon mai, ka tabbatar fankar fitar da tururin fetur tana aiki kafin ka murza makulli.