Na dawo daga taro da katuna cike da jaka, amma shiru kake ji

Wata 'yar kasuwa ta rubuto cewa: "Malam, ina sayar da kwalaye da robobin zuba kaya ga masu ƙananan masana'antu. A bana na halarci baje koli da tarukan 'yan kasuwa har huɗu. Kullum nakan dawo da katunan mutane, in ɗora hotunana da manyan baƙi a Facebook da Instagram, a yi ta yi min fatan alheri. Amma har yau ba wanda ya kira ni da maganar ciniki. Ina kuskuren yake?"

Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Bari in fara da hotunan nan. Masu yi miki "Allah ya sa albarka" a ƙarƙashinsu yawanci 'yan'uwa ne da ƙawaye, kuma ba su ne masu sayen kwali ba. Wanda kike buƙata shi ne mutumin da kuka tsaya minti biyar kuna magana a wurin taron, wanda ya gaisa da mutum arba'in a ranar, ya koma gida fuskoki sun cakuɗe masa. Idan ya tuna da ke, abu na farko da zai yi shi ne ya nemi sunanki a waya. Me zai tarar?

Ki ɗauki wayar wani ki nemi kanki, ki duba shafin da idon baƙo. Sunan da ke jikin katinki shi ne a shafin, ko wani laƙabi ne da kika sa tun kina makaranta? Hoton fuskarki ne, ko fure? Layin farko ya faɗi abin da kike sayarwa da waɗanda kike sayar wa? Na sha ganin shafin da aka rubuta "'yar kasuwa, mai kwangila, mai ba da shawara, uwa ta gari", ka gama karantawa ba ka san me za ka saya a hannunta ba. Ki zaɓi abu ɗaya a san ki da shi, yadda duk wanda kwali ya ƙare masa sunanki ne zai faɗo masa a rai.

Sai batun saƙo, kuma a nan ne na fi zargin cinikin yake kuɓuce miki. Kafin kwana biyu su wuce da taro, ki tura wa kowane mutum saƙo nasa shi kaɗai, mai ɗauke da abin da kuka tattauna: "Ni ce mai kwalaye, mun yi magana kan yadda kayanka ke fashewa a hanya. Ga hoton irin kwalin da na ce maka." Don ki iya haka, tun a wurin taron ki rubuta kalma biyu a bayan katin kowa. Kada saƙon farko ya zama jerin farashi. Kuma ki roƙe shi ya ajiye lambarki, saboda dalili na zahiri: a WhatsApp, wanda bai ajiye lambarki ba ba zai ga status ɗinki ba, kuma saƙon da kika tura wa jama'a a dunƙule ta broadcast, wanda ke ɗaukar har mutum 256 a jeri guda, ba zai isa gare shi ba. Idan har yanzu WhatsApp na kowa da kowa kike ciniki da shi, ki koma WhatsApp Business, wanda aka fitar a 2018. Yana da wurin jera kaya, kuma kina iya yi wa mutane alama, misali waɗanda kika sani a taro kaza, ko waɗanda suka nemi samfuri. Masu sayen kaya na manyan kamfanoni kuwa, a LinkedIn, dandalin sada zumunta na ma'aikata da kamfanoni, aka fi samunsu.

Kada ki raina waɗannan mutanen da ba ki san su sosai ba. A 1973 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya nuna cewa labarin wata dama ya fi zuwa wa mutum ta hannun waɗanda ya sani sama-sama, fiye da ta hannun aminansa. Dalilin a fili yake: aminanki duk kusan mutane ɗaya kuka sani, shi kuwa wancan na taro yana da tasa jama'ar da ba ki taɓa shiga ba. Zumunci a ƙafa yake, in ji magabata, yanzu dai wani ɓangarensa ya koma yatsa. Idan wanda kuka haɗu a taro ya ɗora sabon kayansa, ki yi magana mai ma'ana a ƙasa. Idan kin san wanda zai amfane shi, ki haɗa su ko da ba ki da ko sisi a ciki.

Abin da za ki riƙa ɗorawa kuma yana nan a bakin abokan cinikinki. Duk tambayar da aka yi miki sau uku ta isa rubutu ko ɗan bidiyo: wane kwali ne ke jure danshi, yaya ake auna girman da ya dace da kaya, me ya sa mai araha ke jawo asara a hanya. Sau biyu a mako ya wadatar, in dai ba za ki ɓace wata guda ba. Hoton taro ma ki sa, amma ki haɗa da abu ɗaya da kika koyo a can, kuma ki nemi izinin wanda ke cikinsa tukuna.

Katunan tarukan baya kuwa, ki zazzage su yau, ki ware goma da kika fi tuna hirarku, ki tura musu saƙo ba tare da dogon ban haƙuri ba. Wasu za su yi shiru, ki bar su. Bayan wata ɗaya ki rubuto min nawa ne suka amsa da abin da suka tambaye ki.