Kamfani zai ƙara wurin ajiya a jikin katangarmu, muna da ta cewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwar gida ce a nan Katsina, gidanmu na bayan wani kamfanin casar shinkafa. Da can akwai fili tsakaninmu da su, yanzu sun fara zuba daɓen siminti wai za su kafa rumfar kwano su jera kwantena su riƙa jibge buhunan shanshera da buntu a waje, kuma wurin nan ne ruwan unguwarmu ke bi da damina. Kwanan baya mun ga ma'aikata sun zo da tef suna awo, aka ce kamfanin ya kai takarda ana dubawa. Maigidana ya ce filinsu ne ba ruwanmu. Don Allah haka ne? Mi ya kamata mu yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Maigida ya yi gaskiya ta ɓangare ɗaya, filin nasu ne, amma mallakar fili daban izinin abin da za a ɗora a kansa daban. Tun Dokar Filaye ta 1978 filayen cikin birni suna hannun gwamna ne a matsayin amana, takardar C of O kuma, wato shaidar da gwamnati ke ba mai fili, haƙƙin zama take ba mutum kan abin da aka rubuta a cikinta. Sannan akwai dokar tsara birane ta 1992 wadda ta ce ba a yin wani aiki a kan fili sai da izini, kuma ba dogon bene kaɗai take nufi ba, daɓe da rumfa da canza yadda ake amfani da wuri duk suna ciki. Har ma ta ambaci masana'anta da sunanta, ta ce mai son ginawa ko faɗaɗawa sai ya haɗa da bayanin yadda aikin zai shafi muhalli. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne, shi ya sa a nan ƙofar da za ku ƙwanƙwasa ita ce hukumar tsara birane ta jiha, URPB, masu shafa jan fentin nan a bango.

To zuwan masu awo ɗin nan labari ne mai daɗi wallahi, don yana nuna ba a gama magana ba, kuma yanzu ne bakinku ke da nauyi. In aka riga aka sa hannu aka kafa ƙarafa, cirewa sai an sha wahala.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne ruwa. Ƙasa tana shan ruwa, siminti ba ya sha, duk abin da ya sauka kan daɓen nan da kwanon rumfa dole ya nemi hanya kuma hanyar da zai samu ita ce inda ya fi gangare, in gidanku ne a ƙasa to ku zai sauka wa, musamman a watan Agusta da ruwa ke zuba ba ƙaƙƙautawa, ga shi yawancin katangunmu ba su jure ruwa ya kwanta musu a gindi. Duk ɗan jihar nan yana tuna ambaliyar Jibiya ta 2018, ba a wasa da hanyar ruwa. Don haka ku nemi a nuna muku a zanen inda lambatu zai bi da inda zai zubar. In zanen bai nuna ba, wannan kaɗai ya isa hujja.

Sai wuta. Buntun shinkafa in ya kama ba ya tashi fuu ya mutu, ci yake ta ciki a hankali, sai a ɗauka ya mutu ashe yana nan, ga iskar hunturu. Ku nemi a bar tazara tsakanin tulin da katangarku, da hanyar da motar 'yan kwana-kwana za ta iya shiga ta juya. Ɓeraye da ƙura da tireloli masu tare layi su ma ku ambata, amma a taƙaice.

Ku rubuta a takarda Hajiya, kar ku tsaya kan maganar baki. Ku haɗu da maƙwabta, ku fara zuwa wajen mai unguwa ya san da zancen, kowa ya sa hannu, a liƙa hotunan wurin, in akwai wanda aka ɗauka lokacin da ruwa ke gudu ya fi. A kai URPB a sa su buga hatimin karɓa a kan kwafinku, wani kwafin a kai hukumar kare muhalli ta jiha. In aka yi shiru, Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a tana da ofis a Katsina kuma kyauta ne. Shawarata kuma kar ku rubuta a rufe kamfani, yaran unguwarku ne ke cin abinci a ciki kuma ba wanda zai saurari hakan, sharuɗɗa za ku nema a sa cikin izinin.

TAMBAYA: Malam ina da ɗan kamfanin ruwan leda a Daura, kwantena biyu kawai zan ajiye a tsakar fili. Shi ma sai izini?

AMSA: Alhaji je ka tambaya kafin ka kira mota ta sauke su. In za su zauna dindindin a matsayin sito, balle ka yi musu daɓe ko rufi, to ƙarin gini ne. Ka tafi da takardar filinka da tsohon zanen da aka amince maka, a sa mai zane ya nuna inda za su zauna. Duk kuɗin da ka biya ka karɓi rasit na gwamnati, kar ka ba wani a hannu ya ce zai gyara maka.