Wa'adin ajiya ya cika, kamfani ya ƙi biya: ina mafita?

Assalamu alaikum, Barista. Bayan na yi ritaya na ɗauki kuɗin sallamata na ajiye a wani kamfanin hada-hadar kuɗi na tsawon shekara biyu, a kan za su riƙa ba ni riba duk wata uku, idan wa'adi ya cika su mayar mini da uwar kuɗina. Shekarar farko sun biya ba fashi. Yau wata bakwai ke nan da cikar wa'adi, ba uwa ba riba, kullum sai "ki dawo mako mai zuwa". Yanzu sun aiko mini da takarda wai in sa hannu a sabunta ajiyar na wata goma sha takwas, da ƙarin riba. Ɗana ya ce mu kai manajan wurin 'yan sanda tunda sata ce, kuma ai akwai inshorar gwamnati da ke biyan masu ajiya. Shugaban kamfanin ma yana da gidaje da motoci. Ba za a sayar a biya mu ba?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya warware. Ban ga takardunki ba, kuma ba ki faɗi ƙasar da kamfanin yake da rajista ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne na gaba ɗaya. Dole wani lauya ya zauna ya karanta abin da kika sa wa hannu kafin ki ɗauki mataki. Abu ɗaya dai zan iya faɗa tun yanzu: kada ki sa hannu a takardar sabuntawar nan tukuna.

Bari in fara da maganar inshora, don a nan na ga kuskure ya fi girma. Inshorar masu ajiya gaskiya ce, amma an yi ta ne don bankuna masu lasisin karɓar ajiya, kuma tana da iyaka. A Amurka hukumar FDIC tana lamunce dala 250,000 ga kowane mai ajiya a kowane banki. A Indiya rupi 500,000 ne tun 2020. A Najeriya hukumar NDIC ta ɗaga nata zuwa naira miliyan 5 a bankunan kasuwanci a 2024. Duk waɗannan ba sa biya sai bankin ya durƙushe, ko an ƙwace lasisinsa, ko hukuma ta dakatar da shi daga biyan masu ajiya, ba don ya yi jinkirin biya kawai ba. Kamfanin da ba banki ba kuwa, galibi ba ya cikin wannan tsari sam, ko da ya rubuta "ajiya" da manyan baƙaƙe a saman satifiket ɗinsa. Rajistar kamfani daban, lasisin karɓar kuɗin jama'a daban, kuma sau da yawa abin da ake ratayewa a bangon ofis a cikin firam rajistar ce kawai. Ki sa ɗanki ya duba jerin sunayen da babban banki da hukumar inshorar ajiya ke wallafawa. Idan sunan kamfanin yana ciki, magana ta canza. Idan babu, to a idon doka abin da kika yi bashi kika ba kamfani, kuma da alama bashi ne marar jingina.

Na san kalmar "bashi" ba za ta yi miki daɗi ba, tunda ke ajiya kika yi niyya. Amma da zarar kuɗi sun shiga asusunsu don su juya su ba ki riba, sun zama nasu, abin da ya rage a hannunki alƙawarin biya ne. Alƙawarin nan doka ta san da shi, kotu kuma za ta tilasta shi. Haƙƙinki a kan uwar kuɗi da ribar da aka rubuta, in dai takardun suna nan yadda kika faɗa, ba abin jayayya ba ne sosai. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda za a karɓo.

Wannan ya kawo mu kan 'yan sanda. Kasa biyan bashi, shi kaɗai, ba laifi ba ne a mafi yawan ƙasashe. Saɓa yarjejeniya ne, kuma hurumin kotun farar hula ne. Yana iya zama laifi idan aka nuna cewa tun farko da niyyar yaudara suka karɓi kuɗin, ko sun yi ƙaryar suna da lasisi, ko suna biyan tsofaffin masu ajiya da kuɗin sababbi. Ban ce ba haka ba ne a nan. Na ce dai wasiƙarki ba ta nuna hakan ba tukuna, kuma biyan da suka yi na shekara guda shi ne abu na farko da lauyansu zai ɗaga. Ko da an kama manajan, tsare shi ba ya haifar da kuɗi, kuma mai yiwuwa shi ma ma'aikaci ne da ke bin albashi. Akwai kuma haɗarin da ɗanki bai hango ba: wanda aka sa aka tsare a kan bashi zalla yana iya juyowa ya kai ƙarar wanda ya sa aka tsare shi. Idan bincike ya nuna ba su da lasisi, sai a kai rahoto ga hukumar da ke sa ido kan harkar, a rubuce, tare da kwafin takardu.

Gidajen shugaban kamfani kuma, a nan ma sai haƙuri. Tun shari'ar Salomon da kotun ƙoli ta Ingila ta yanke a 1896, ƙa'idar da ƙasashe da dama ke bi ita ce kamfani mutum ne mai zaman kansa a doka, bashinsa nasa ne, ba na masu shi ba. Ana iya tsallake wannan katanga idan shugaban ya sa hannu da kansa cewa ya tsaya wa bashin, ko aka tabbatar da zamba, ko aka gano ya kwashe dukiyar kamfani zuwa aljihunsa. Kotuna ba sa yin haka da sauƙi. Ki duba bayan satifiket ɗin da fom ɗin da kika cike ko akwai inda wani ya lamunce da sunansa. Ba na tsammanin akwai, amma a duba.

Yanzu takardar sabuntawa. A yau kina bin bashin da wa'adinsa ya cika, kina iya neman kuɗinki gobe da safe. Ranar da kika sa hannu, mai yiwuwa kin mayar da shi bashin da ba a isa biya ba sai bayan wata goma sha takwas, wato kin ɗaure hannunki da kanki, su kuma kin ba su numfashi kyauta. Irin waɗannan takardu sukan zo da wani layi a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, cewa mai ajiya ya yafe duk wani ƙorafi na baya, ko ya yarda ba za a je kotu ba sai gaban mai sasanci da kamfanin zai zaɓa. Ƙarin ribar da suka yi alƙawari kuwa ba ta burge ni ba. Wanda ya kasa biyan kaɗan a yau, da me zai biya mai yawa baɗi? Ki kuma duba tsohuwar yarjejeniyar ko akwai sharaɗin cewa ajiya tana sabunta kanta idan ba ki nemi kuɗinki a rubuce ba kafin cikar wa'adi. Idan akwai, za su fake da shi, kuma zirga-zirgar da kika yi ta baki ba lallai ta wadatar ba.

Amma kada ki yar da takardar. Idan tana ɗauke da sunan kamfani da sa hannun jami'insu, kuma ta ambaci adadin da kike bi, to sun amsa bashin a rubuce ke nan, abin da lauya ke nema ido rufe. Yana da amfani ta fuskar lokaci ma, domin ƙarar bashi tana da wa'adi. A Ingila shekara 6 ne a ƙarƙashin dokar 1980, kuma amsa bashi a rubuce yana sa a fara ƙirga daga farko. A Indiya wanda zai kai ƙorafi hukumar kare masu saye yana da shekara 2 ne kacal a ƙarƙashin dokar 2019. Na wurinku sai an duba. "Ki dawo mako mai zuwa" ba ya tsayar da wannan ƙirga, kuma wasu kamfanoni sun san haka sarai.

Matakan da aka saba ba su da wani sirri. Lauya ya rubuta takardar neman biya, a faɗi adadi, a ba su kwana 14 ko makamancin haka, a kai ta adireshin da ke cikin rajistarsu, a karɓi shaidar an karɓa. Ki haɗa satifiket, rasit, bayanan banki da ke nuna shigar kuɗin da ribar da suka biya, da duk saƙonnin waya. Asali ya zauna a hannunki, kwafi za ki bayar, ko da sun ce sai kin miƙa satifiket ɗin "don a sarrafa biyan". Daga nan sai ƙorafi ga hukumar da ta ba su lasisi, ko hukumar kare haƙƙin masu saye idan dokar wurin ta ɗauki mai ajiya a matsayin mai sayen hidima. Ba ko'ina aka yarda da hakan ba. Wannan hanya ta fi kotu araha, kuma kamfanin da ke son riƙe lasisinsa yakan ji maganar hukumar da ta ba shi lasisin fiye da ta kowa.

Kotu tana nan. A wurare da yawa akwai gajeriyar hanya ta bashin da adadinsa sananne ne kuma ba a musanta shi ba, inda alƙali ke iya yanke hukunci a kan takardu ba tare da doguwar shari'a ba. Kina iya cin nasara, har a ƙara miki riba ta jinkiri, ko da yake diyyar ɓacin rai da wahalar zirga-zirga ba kasafai ake bayarwa a shari'ar bashi ba. Sai dai takardar hukunci ba kuɗi ba ce. Idan asusun kamfanin babu komai, za ki fita da hukunci a hannu da kuɗin lauya a wuya. Idan kuma aka kai ga rushe kamfanin, masu jingina, galibi bankuna, su ne a gaba, sai kuɗin aikin rushewar da wasu haƙƙoƙin ma'aikata, sannan irinku ku raba abin da ya saura. Kamfanin DHFL na Indiya, mai ba da bashin sayen gidaje, wanda ya durƙushe a 2019, ya karɓi ajiya mai wa'adi daga dubban mutane, da yawansu 'yan fansho. Da aka kammala shirin sayar da shi a 2021, abin da aka ware wa masu ajiyar bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da suke bi ba. Shi ya sa barazanar "za mu sa a rufe kamfanin" takan fi amfani a bakin lauya fiye da a aikace.

Don haka ni, da za ki ji tawa, sulhu zan fara nema, amma sulhu mai haƙori. Su biya wani kaso mai kauri nan take, kafin a sa hannu a komai, don a ga ko da gaske suke. Sauran a raba shi kashi-kashi da ranaku a rubuce, da sharaɗin cewa idan suka tsallake biya ɗaya, duk abin da ya rage ya zama wajibi a take. A nemi jingina a kan wata kadara, ko shugaban ya tsaya wa bashin da sunansa. A nan ne gidajen da kike magana za su iya shigowa ta ƙofar da doka ta yarda. Inda dokar wurin ta ba da dama, a kai yarjejeniyar gaban kotu ko cibiyar sasanci a mayar da ita hukunci, yadda idan suka saɓa ba sai an sake shari'a daga tushe ba. Idan sai kin sassauta, ki sassauta a kan ribar jinkiri, ki riƙe uwar kuɗi. Duk kuɗin da suka ba ki kafin nan ki karɓa, amma ki karanta rasit ɗin da kyau kada a rubuta cewa wannan ne biya na ƙarshe kuma kin yafe sauran.

Idan akwai wasu masu ajiya da ke cikin halin da kike, haɗuwa ku ɗauki lauya ɗaya zai rage muku kuɗi, ya kuma sa hukuma ta ɗauki maganar da muhimmanci. Sai dai ki sani, idan dukiyar kamfanin ba ta isa kowa ba, abokan tafiyar nan su ne kuma abokan rabonki, kuma a wasu ƙasashe ana iya dawo da kuɗin da kamfani ya fifita wani da su dab da rushewarsa.

Idan suka ƙi biyan ko kaso na farko, suka ƙi jingina, suka nace sai sabuntawa, to kin sami amsar da wata bakwai na zirga-zirga bai ba ki ba. Ranar da wa'adin takardar neman biya ya cika, lauyanki ya shigar da ƙara.