Tambaya da Amsa: Masu fom da allura sun zo ƙofar gida, in buɗe ko in rufe?

Wannan karon saƙonni uku na ware, mutanen ba su san juna ba amma duk abu ɗaya suke zagayawa, wato masu binciken lafiya da ke shiga unguwanni gida-gida. Masu tambaya kan ulsa da hawan jini ku ƙara haƙuri, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni matar aure ce yarana huɗu. Satin da ya wuce wasu mata biyu da namiji ɗaya suka zo gidanmu da riguna iri ɗaya da ƴar kwamfutar hannu, wai bincike suke kan lafiyar yara, za su yi min tambayoyi sannan su ɗan soki yatsan autana su ɗebi jini. Ni dai gabana ya faɗi na ce sai maigida ya dawo, da na faɗa masa ya ce kul na kuskura, wai haka aka yi wa yara a Asibitin Zana shekarun baya aka gwada magani a kansu. Maƙociyata kuma ta yarda, har an gaya mata jinin ɗanta ya yi ƙasa an ba ta takardar zuwa asibiti. Sun ce za su dawo, ni yanzu na rasa wa ya yi daidai a cikinmu. Dan Allah a ba ni shawara.
Daga wata uwa a Rimin Kebe, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana yaran. Kin kyauta da kika ce a jira mahaifinsu, kuma duk mai binciken da ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan ba.

Maigidan naki ba tatsuniya ya ba ki ba fa. A 1996 aka yi annobar sanƙarau a Arewa wadda ta kashe mutum sama da dubu 10, ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana, wato asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka saka, rabi aka ba su sabon maganin rabi aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye da yawa sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne, su a zatonsu magani kawai ake ba ƴaƴansu, kamfanin kuma ya tsaya kan cewa cutar ce ta yi kisan ba maganinsa ba. Daga baya ta fito cewa takardar izinin da aka nuna ma bayan an gama aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75, kuɗin diyyar farko kuwa sai 2011 suka shiga hannun wasu iyalai, shekara 15 kenan. Toh wanda maciji ya sara ai ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, ban ga laifin maigida ba.

Amma Hajiya abin da kika bayyana min da abin da aka yi a Asibitin Zana ba jirgi ɗaya ya ɗauko su ba. Wancan gwajin magani ne, ana ɗura wa yaro wani abu a jiki a ga yadda zai yi. Wannan kuma, bisa yadda kika faɗa, ƙidayar lafiya ce, tambayoyi da awon tsawo da nauyi da ɗigon jini daga yatsa, ba a saka wa yaro komai. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ma tana yin irinsa duk bayan ƴan shekaru, a na 2018 an duba ƙarancin jini da maleriya har da sikila a jikin ƙananan yara. Gwajin ƙarancin jinin nan take yake fitowa shi ya sa maƙociyarki ta samu amsa a zaune. Kuma in ba ta kai yaron asibitin ba tukuna ki tuna mata, kar takardar ta ƙare a ƙarƙashin katifa.

Sai dai ni ban gan su ba, ba zan zauna a nan in ce miki na gaskiya ne ba, ke da maigida ne za ku tantance. In sun dawo ku sa su zauna a zaure, ku tambaye su wa ya turo su, jami'a ce ko ma'aikatar lafiya ko wata ƙungiya, su nuna katin shaida. Ku tambaya mai unguwa ya san da zuwansu? In ya sani to yaro ɗaya za ku aika a tabbatar. Ku ce su nuna takardar izinin kwamitin da ke sa ido kan bincike, domin tun 2007 Najeriya tana da rubutacciyar ƙa'ida cewa duk binciken da ya shafi jikin mutum sai irin wannan kwamiti ya duba ya amince, manyan asibitoci kamar na Malam Aminu Kano suna da nasu, in kuma gwajin magani ne to sai NAFDAC ma ta sa hannu. Sannan jinin, a nan za a gwada a zubar ko tafiya za a yi da shi, in tafiya ce ina za a kai shi me za a duba a ciki, kuma za a gaya muku sakamako?

Akwai takarda da za su ce ki sa hannu ko ki dangwala. Kar ki dangwala sai an karanta miki ita da Hausa kin gane, a bar miki kwafi, a jikinta kuma ya kamata a ga lambar wayar da za ki kira in wani abu ya taso. Kina da ikon ki amsa tambayoyin ki ce ban da jini, kina da ikon ki fara ki fasa a tsakiya, kuma ƙin yarda ba zai sa a hana ki awo ko rigakafi a asibitin unguwa ba. Duk wanda ya ce miki dole ne, ko ya ce gwamnati za ta hukunta wanda ya ƙi, ko ya fito da kuɗi masu kauri yana gaggawa, wannan ki sallame shi. Kuɗin mota ko ɗan sabulu ba komai ba ne, an saba.

In maigida ya ji amsoshinsu hankalinsa bai kwanta ba shikenan, ku ba su haƙuri, ba abin da za ki ɗaga murya a gidanki a kai ba ne.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni ɗan adaidaita ne. Wallahi a layinmu sau uku ana zuwa ana cika fom, ruwan me kuke sha, masai nawa ne a gidan, yara nawa suka yi gudawa, har hoton kwatarmu an ɗauka. Yau shekara biyu ko ƙeyarsu ba mu sake gani ba, kwata tana nan yadda take. Me ya sa kullum unguwar talaka ake zuwa, ban taɓa jin an je Nasarawa GRA ana tambayar masai ba. Mu ba da mu ake cin abinci ba kuwa?
Daga wani ɗan uwa a Bachirawa

AMSA: Ɗan uwa na yi dariya a maganar masai a GRA amma ƙorafinka yana kan hanya. Mutum ya shigo gidanka ya ci maka awa guda, matarka ta bar girki ta amsa tambayoyin da ko ƙawarta ba ta gaya wa ba, ya je ya rubuta rahoto da Turanci ya karanta shi a otal a Abuja ko ma a ƙasar waje, ya samu digiri ko ƙarin girma, ku kuma ko a taru a ƙofar mai unguwa a ce ga abin da muka gano ba a yi ba. A wurina wannan rashin ladabi ne ko da takardun izininsa sun cika, kuma shi ke ɓata wa na bayansa hanya.

Inda zan ɗan saɓa maka shi ne batun cewa ku kaɗai ake zuwa wa. Babbar ƙidayar lafiya ta ƙasa da ƙuri'a ake zaɓen unguwanni da gidaje, GRA ma tana faɗowa, sai dai can maigadi ne zai ce oga ba ya nan. Kuma mafi yawan binciken da likitocinmu ke yi a cikin manyan asibitoci ake yinsa, kan waɗanda suka iya biyan kuɗin mota da kati suka kai kansu. Wanda ya tsaya a kemis ɗin bakin layi ko wurin mai maganin gargajiya ba ya cikin lissafi kwata-kwata. Ka haɗa da cewa rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, ka tuna yadda Bachirawa da Rimin Kebe da sauran gefen Ungogo suke a lokacin ka dubi yadda suke yau, wurin da gona ne yanzu layuka ne cike da yara. Mai raba allurar rigakafi da ma'aikata yana ofis da tsohuwar lamba a gabansa. Da mashaƙo ta ɓarke daga ƙarshen 2022 Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma akasari yaran da ba su samu cikakken rigakafi ba ne, alhali allurar tana cikin waɗanda ake yi wa jariri kyauta a sati 6 da 10 da 14. Unguwar da ba a ƙirga ta ba haka ake mantawa da ita sai cuta ta tuna da ita.

Kuma akwai binciken da ya bar abin a zo a gani. Yaran da ke da sikila wasunsu kan gamu da shanyewar ɓarin jiki tun suna ƙanana. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ta nuna yaron da ke cikin haɗari kafin abin ya faru. A Amurka irin wannan yaro ƙarin jini ake masa duk wata, mu kuwa ina jinin ina kuɗin? Sai likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala da na Barau Dikko a Kaduna suka haɗu da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a kan yara 220, wasu ƙaramin awo wasu matsakaici, sakamakon ya fito a 2022 cewa ƙaramin awon ma yana kare yaro. Iyayen yaran nan ƴan Kano da Kaduna ne irinmu, an yi musu bayani suka yarda, ga shi yanzu amfanin ya wuce ƴaƴansu.

In wasu suka sake zuwa layinku, ku haɗu da dattawa ku ce a gaban mai unguwa a sa ranar da za a dawo a gaya muku sakamako, kuma a bar kwafin rahoton. Da shi a hannu za ku iya tunkarar kansila ko ƙaramar hukuma kan kwatar, domin mai bincike dai ba shi ke gina kwata ba, in ya ce muku zai gina ma ƙarya ya yi.

TAMBAYA: Salam Malam. Ɗaliba ce ni ina karatun lafiyar al'umma, aikina na ƙarshe kan awon ciki ne a Ɗorayi. Kwana uku ina yawo gida tara kawai suka saurare ni, wata tsohuwa har cewa ta yi mu ne masu hana haihuwa. Na kusa kuka wallahi. Ya zan yi?
Daga wata ɗaliba a Kano

AMSA: Ƙanwata share hawayenki, tara a kwana uku ba tare da ɗan rakiya ba ai kin yi ƙoƙari. Maganar tsohuwar nan ta girme ki. A 2003 jita-jitar cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa ta sa Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, sai a 2004 aka dawo bayan an kawo maganin daga Indonesiya, kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. Abin da ya gyara lamarin daga baya ba faifan rediyo kaɗai ba ne, sarakuna da malamai aka saka a gaba, aka ɗauki matan unguwa su ke shiga gidajen maƙotansu, aka kuma fara zuwa da maganin zazzaɓi da na sauran cututtuka saboda mutane sun yi ta tambaya me ya sa wannan kaɗai ne kyauta. A 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Da ɗan gari akan ci gari.

Don haka ajiye fom ɗin tukuna. Karɓi takarda daga makaranta da ta izinin kwamiti ki kai wa mai unguwa, ki roƙe shi ya haɗa ki da ungozoma ko wata dattijuwa da ake jin maganarta, ki gaida limami. Ki je Islamiyyar matan aure ki nemi minti goma wurin malamarsu ki faɗi ko ke wace ce da abin da ya kawo ki, mata 40 za su san fuskarki a zama ɗaya. Ki daina zuwa da safe lokacin ɗora tukunya da shirin ƴan makaranta, bayan azahar ya fi. Tambayoyin ki karanta wa mahaifiyarki ko wata gwaggo su ji, duk wadda suka ce me kike nufi to ki sake ta, fassarar ofis ba ta shiga zaure. Tambayar ɓari ko rasuwar jariri kar ki yi ta a gaban kishiya ko uwar miji. Kar ki yi alƙawarin magani ko tallafi don a saurare ki. In kika ga mai ciki da kumburin ƙafa da fuska da ciwon kai mai tsanani, ko tana zubar jini, ki bar cika fom ki taimaka a kai ta asibiti a ranar.

In kin gama kin ci jarrabawa, ki koma Islamiyyar nan da takarda shafi ɗaya da Hausa ki karanta musu abin da kika samu. Ungozomar da ta raka ki kuma ki riƙe mata ko turmin atamfa ne.