In Sake Kama Hayar Ofis a Khartum?

Tambaya: Ina da ɗan kamfanin lissafin kuɗi da fassarar takardu, ma'aikatana bakwai. Yaƙi ya tarwatsa mu, kowa yana aiki daga garin da ya samu kansa. Yanzu da mutane suka fara komawa Khartum, in sake kama hayar ofis? Daga wani Alhaji a Gadarif.

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Shawarata ita ce kada ka kama.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, gwamnati ma sai da ta tattara ta koma Bur Sudan. Wanda takardunsa ke kulle a kabad ya yi asara, wanda ya adana nasa a intanet kuwa ya ci gaba daga inda ya tsaya. Irin aikinku kwamfuta yake so da natsuwa. Albashi ka tura ta Bankak, manhajar waya ta Bankin Khartum. Yaronka da ke Kasala ko Mai Wurno ya zauna kusa da iyayensa, ba sai ya riƙa sammakon tsallaka gada daga Omdurman ba, ya iso a gajiye, rabin albashin ya tafi a kuɗin mota. Na ga wata akanta ta ɗora kwamfutarta kan angarib, wato gadon igiya, jabanar kofi na huci a gefe, kafin azahar ta rufe lissafin wata guda.

Inda gizo ke saƙar shi ne wuta da sabis. Ka tuna Fabrairun 2024, da layukan waya suka ɗauke a sassa da dama, mutane na biyan kuɗin awa don su hau Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan Adam. To kuɗin hayar nan, saya wa kowa sola da batir da layi biyu na kamfanoni daban-daban. A ganina wannan haƙƙinsu ne a kanka, kada ka bar musu nauyin.

Sannan ka daina ƙirga awanni. Ku haɗu a waya safiyar Lahadi a raba aiki, ranar Alhamis kowa ya miƙa nasa.

Mutum biyu ne ke buƙatar zama ido da ido: sabon ɗauka, wanda sai ya zauna gefen na gaba da shi zai iya aikin, da mai takarda da ke son ganin an buga hatimi a gabansa. Ɗaki ɗaya nan Gadarif, da tebur da firinta, ya ishe su.