Injin jan baya zai raba ni da wannan ciwon?

Tambaya: Likita, ni direban tanka ne, ina lodi a Apapa. Wata biyu ke nan bayana na ciwo, yana saukowa ta ɗuwawu har tafin ƙafar hagu, da mindirya. An ce akwai injin da ke jan baya ya saki jijiya ba tare da tiyata ba. In tara kuɗi in je?

Amsa: Malam, sannu da jiki, Allah ya ba da lafiya. Yadda ka kwatanta ciwon ya yi kama da dannewar jijiya. Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai faifai mai taushi, kamar matashi. Idan ya tsage ya ɓullo, sai ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. An fi samun haka a ƙasan baya, tsakanin ƙashin da ake kira L4 da L5, ko L5 da S1. Dogon zama a kan sitiyari da jijjigar mota, balle a cunkoson Apapa, suna ƙara tsananta shi.

Shi injin, wani irin gado ne. Ana ɗaure mutum ta ƙugu, kwamfuta ta riƙa ja tana saki, da nufin rage nauyin da ke kan faifan. Zama ɗaya kan ɗauki kamar rabin awa, a yi ta maimaitawa na makonni. Wasu na jin sauƙi, ban musa ba. Amma bincike bai nuna ya fi gashin ƙashi da motsa jiki ba, shi ya sa a 2016 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce kada a riƙa jan baya don maganin wannan ciwon. Kuma bai dace da mai ciki ba, ko mai karaya, ko wanda ƙashinsa ya yi rauni, ko wanda aka sa wa ƙarfe a baya. Ni dai ba zan so ka zuba guminka a kansa ba tun ba a san abin da ke damunka ba.

Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne, yawancin masu wannan lalura suna warkewa cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da an taɓa su da wuƙa ba. Ka je Asibitin Ƙashi na Igbobi, ko asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, ko na LASUTH a Ikeja, duk a Legas, a duba ka, in da buƙata a ɗauki hoton MRI. Ka ga masu gashin ƙashi su koya maka atisaye. Kada ka kwanta ka yi ta jinya, ka riƙa ɗan tattaki. Diclofenac, maganin ciwon da ake saya a kemis kuwa, a yi hattara, yana jawo olsa, yana taɓa ƙoda. Kada kuma ka bari mai ɗori ya taka maka baya.

Tiyata tana da ranarta, inda ake cire ɓangaren faifan da ya ɓullo ko a rage ƙashi don jijiya ta sami sarari. Idan fitsari ya riƙe ko yana zuba ba ka sani ba, ko bayan gida ya kufce maka, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa ta fara ja da ƙasa, ka ajiye motar, a kai ka asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.