Ɗan kwikwiyo ya hana mu barci

Tambaya: Malam, an ba ni ɗan kwikwiyo mai sati 8. Da zarar dare ya yi sai kuka. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, galibi kewar uwarsa ce. Ki shimfiɗa masa tsumma cikin kwali kusa da inda kike kwana, in da hali tsumman da uwar ta kwanta a kai. Kada ki doke shi, bugu dai tsoro zai ƙara masa. Ki ba shi abincin da ya saba, sau 4 a rana, domin canji kwatsam na kawo zawo. Albasa da cakulan guba ne gare shi. Wayoyin lantarki kuwa ki ɗauke, komai taunawa yake. Likitan dabbobi ya yi masa allurar farko yanzu, ta haukan kare a sati 12.